Takarda Ɗaya Cikin Ashirin da Biyu

Akwai wata mata a garin Neiva mai suna Herlinda Cuéllar, amma don girmamawa kowa Doña Herlinda yake ce mata. Shekararta goma sha tara tana aiki a wani ƙaramin asibitin ido, irin wanda ake yi wa mutum tiyata da safe, kafin la'asar ya koma gida da bandeji a fuska. Ba a kwana a wurin.

Ita ba likita ba ce, ba nas ba ce. Aikinta yana can ɗakin baya, inda zafi ya fi na ko'ina a garin da dama ba ya wasa da zafi. Tana wanke kayan tiyata, ta jera su a faranti, ta naɗe, ta saka a injin tururi ya kashe ƙwayoyin cuta. A bayan kowane ƙunshi tana manna tef mai fararen layuka. In tururi ya ratsa kayan yadda ya kamata, layukan sai su koma baƙi. In ba su koma ba, kayan ba su dahu ba, ko kusa da idon mutum bai kamata su je ba.

Mai asibitin shi ne Dakta Evaristo Losada. Kada ku ɗauka mugu ne, wallahi ba mugu ba ne. Duk ranar Alhamis yakan ware ta don manoma marasa hali, yana cire musu yanar ido a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Tun motar farko suke zuwa daga Campoalegre da Algeciras, kowa da jikansa ko 'yarsa riƙe da hannunsa. Ido talatin yake yi a yini, kuma ya tsani ya ce wa tsoho ya koma gida ba a yi masa ba.

To, ga inda matsalar take. Farantin kayan aiki uku ne kacal a asibitin. Injin yana buƙatar minti hamsin ya dafa ya busar, hannun Dakta kuwa minti goma sha biyar ya gama ido ɗaya.

Saboda haka duk Alhamis, Nubia, nas ɗin da ke miƙa wa Dakta kayan aiki, sai ta shigo ɗakin baya da gudu, ta buɗe injin tun bai gama busarwa ba, ta suri faranti da tawul, ta juya. Ko tef ɗin ba ta kallo. Yawanci a lokacin Herlinda tana bakin famfo tana wanke na gaba, sai dai ta ga bayanta.

Sau biyu Herlinda tana samun babbar nas, Yamile, wadda suke kira Shugaba.

"Shugaba, kayan nan a jiƙe suke fita fa. Kaya mai danshi ƙwayar cuta tana ratsa shi."

"Na ji, Doña, na ji. Amma Dakta yana jira. Za mu duba."

Ba a taɓa dubawa ba.

Duk shekara ana raba wa ma'aikata takardar tambayoyi, don a auna yadda asibitin ke kiyaye marasa lafiya. Shin ana sauraron ƙaramin ma'aikaci? Shin in an yi kuskure ana faɗa, ko ɓoyewa ake yi? Kowace tambaya ana ba ta maki daga ɗaya zuwa biyar, kuma ba a rubuta suna.

Amma ku ji yadda suke cika ta a wannan asibitin. Shugaba Yamile za ta sayo tamal mai zafi, wani abinci kamar alala a naɗe cikin ganyen ayaba, a dafa baƙin kofi, mutum ashirin da biyu su kewaye tebur ɗaya. Ita za ta karanta tambaya da ƙarfi, su kuma su amsa baki ɗaya.

"Muna aiki kamar 'yan gida ɗaya?"

"Biyar!"

"Shugabanni suna jin shawara?"

"Biyar! Babu shida ne, Shugaba?"

A yi dariya, a ƙara kofi. Ba ƙarya suke nufi ba, son Dakta ne kawai ya yi musu yawa, ba wanda yake so ya ba shi kunya. Shekara da shekaru makin asibitin bai taɓa sauka ƙasa da casa'in da biyar cikin ɗari ba.

A wannan shekarar Herlinda ta manta tabarau ɗinta a ɗakin baya. Sai ta ɗauki takardarta ta tafi can, ta zauna ita kaɗai. Karo na farko ke nan da ta karanta tambayoyin da idonta, ba hayaniya, ba mai amsa mata.

Da ta zo ta goma sha huɗu sai ta tsaya. "Idan ka ga abin da zai iya cutar da mara lafiya, kana iya magana har a saurare ka?"

Ta daɗe tana juya biro. Sannan ta zagaye lamba ɗaya. A filin da aka bari a ƙasa ta rubuta layi uku: ranar Alhamis ana fitar da kaya kafin su bushe, ba mai duba tef, an faɗa ba a gyara ba.

A saman takardar akwai layi biyu da Yamile ta ƙara da kanta don ta ji daɗin lissafi: sashen da kake aiki, da shekarunka a asibiti. Herlinda ta cika su ba tare da wani tunani ba. Tun da an ce ba suna, ai ba suna.

Haba jama'a, mutum nawa ne ke aiki a ɗakin injin tururi? Ita kaɗai ce.

Ranar Litinin Dakta Losada ya tara kowa. Fuskarsa a murtuƙe, takarda ɗaya a hannunsa. Ya karanta layukan nan uku da ƙarfi, kalma bayan kalma.

"Takarda ashirin da ɗaya sun ce muna lafiya," in ji shi. "Ɗaya ta ce muna makantar da mutane. Ba suna a jiki, gaskiya ne. Sashen injin tururi, shekara goma sha tara. Ban san ko wace ce ba."

Wani ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta.

"Shekara ashirin da shida ina aikin ido. Wa ya taɓa dawowa da ruɓaɓɓen ido daga hannuna? Nubia, kin taɓa gani?"

Nubia ta sunkuyar da kai. "A'a, Dakta."

"Akwai wanda ya ga abin da takardar nan ke faɗa?"

Herlinda ta bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ta je bikin 'ya'yansu, ta zauna makokin iyayensu. Ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga ƙafa har ka, kamar an kama ta da kayan sata.

Da aka watse Yamile ta biyo ta ɗakin baya, ta rufo ƙofa.

"Doña, kin san kwantiraginki ƙarshen wata yake ƙarewa. Ran Dakta ya ɓaci ƙwarai. Ya ce ba zai sa hannu a sabo ba."

"Shugaba, ke fa na faɗa wa sau biyu."

"Na sani." Muryar Yamile ta yi ƙasa. "Ki taimake ni in taimake ki. Rubuta 'yar wasiƙa, ki ce ba ki fahimci tambayar ba ne, ki ba da haƙuri. Ni zan kai masa. Kin san shi, fushinsa ba ya kwana biyu in an lallaɓa shi."

Shekarun Herlinda hamsin da takwas. Wa zai ɗauki mace mai shekara hamsin da takwas sabon aiki? Mijinta Crisanto kuwa tun da babur ya karya masa ƙugu ya daina fita, aikinta ne ke riƙe da gidan.

Kwana tara ta yi tana cin abincin rana ita kaɗai. Ba wanda ya zage ta. Kawai in ta shigo wajen shan kofi sai hira ta mutu, kowa ya tuna yana da abin yi. Wannan ya fi zagi ciwo.

Ranar Lahadi da yamma suna zaune a ƙofar gida, ta faɗa wa Crisanto komai.

"To abin da kika rubuta ƙarya ne?"

"Gaskiya ne."

"Shi ke nan, tsohuwa, ki bar shi a haka. Ayaba da shinkafa ba za su gagare mu ba."

"Kai da ko kasuwa ba ka iya zuwa, kai ne za ka faɗa min abin da ba zai gagare mu ba? Maganin ƙugunka fa, a bishiya yake tsirowa?"

Daga baya ta ji haushin kanta, ta tashi ta haɗa masa kofi.

Ba zan ɓoye muku ba, ta rubuta wasiƙar. Ranar Laraba ta rubuta ta. Alhamis da sassafe ta miƙa wa Yamile. Kafin ƙarfe tara Yamile ta leƙo da murmushi, ta ɗaga mata babban yatsa. Dakta ya haƙura, gobe zai sa hannu.

Herlinda ta sauke ajiyar zuciya. Aiki ya tsira. Ta koma bakin famfo ta ci gaba da wanki.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, an yi ido goma sha uku, injin ya yi wata 'yar ƙara da ba ta saba ji ba, kamar iska tana fita daga taya. Ta bar famfo ta zo ta tsaya a gabansa. Daidai nan Nubia ta faɗo ɗakin da tawul a hannu.

"Doña, matsa, matsa! An riga an kwantar da na gaba!"

Nubia ta buɗe, ta jawo farantin. Herlinda ta kai ido kan tef ɗin. Layukan fari fat, yadda ta manna su.

Ta dafe farantin da hannu biyu, duk zafinsa.

"Wannan ba zai fita ba."

"Don Allah, Doña, kada ki sake jawo wa kanki. Yau fa kika samu Dakta ya huce!"

"Dubi tef ɗin, 'yar nan."

"Ba ni da lokacin duba tef!"

"To ni ina da shi."

Herlinda ta san abin da take yi sarai. Ta san wasiƙar da ta ba da haƙuri a ciki ta tashi a banza. Ta tuna Crisanto. Amma ba ta ɗaga hannunta ba.

Ba a yi minti biyu ba sai ga Dakta da kansa, da rigar tiyata, hannuwa a ɗage cikin safar hannu, Yamile a bayansa.

"Ke kuma? Da safe ki ba da haƙuri, kafin azahar ki tsayar min da aiki? Mutum yana kwance, an ɗiga masa maganin kashe zafi! Tsoho ne, ana ce masa Don Abundio, tun ƙarfe huɗu ya baro gona. Ido ɗaya gare shi, ɗayan waya ta tsone shi tun yana saurayi. So kike in mayar da shi gida a makance?"

"Shi ya sa, Dakta. Ido ɗaya gare shi."

"Sau nawa ana fitar da kaya da ɗan danshi, me ya faru?"

"Wannan ba danshi ba ne." Ta juya masa ƙunshin. "Bai dahu ba kwata-kwata. Kayan da aka yi wa wani aiki da su ɗazu ne, wanki kawai suka sha. Ka kore ni in ka ga dama, amma ka duba tukuna."

Ya sunkuya ya duba. Ya daɗe yana kallon fararen layukan nan. Likita ne, ba ya buƙatar a faɗa masa abin da ke faruwa da idon da ƙwayar cuta ta shiga cikinsa. Kwana biyu ya isa a rasa shi.

A hankali ya sauke hannuwansa. Ya juya wajen Nubia.

"Da ba ta tare ki ba, da kin duba kafin ki buɗe min?"

Nubia ta fashe da kuka. "A'a, Dakta. Ranar Alhamis ba mai dubawa. Ni ba na dubawa, wadda take kafin ni ma ba ta dubawa."

"Na tambaye ku a gaban kowa! Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Mun ga abin da ya sami wadda ta faɗa."

Kai! Maganar nan ta shige shi. Ya cire safar hannun, ya jefa a kwandon shara, ya fita.

Da ƙafarsa ya je ɗakin jira. Mutum goma sha shida suna zaune da 'yan rakiyarsu, ya tsaya a gabansu ya ce injin ya lalace, yau ba sauran aiki, su yafe masa. Abin da ya fi tsana a duniya, ranar ya yi shi da bakinsa. Sannan ya koma ya taimaka wa Don Abundio ya sauko daga gado.

Tsohon ya laluba hularsa ya ɗora. "Ba komai, Dakta. Shekara uku ina ganin matata kamar hayaƙi, mako ɗaya ba zai kashe ni ba. Ita ma ta ce ta fi kyau a haka."

Da makanike ya zo da rana, ya tarar robar ƙofar injin ce ta tsage, tururi yana zurarewa. Herlinda ta fito da littafinta, inda take manna guntun tef na kowane faranti da ya dawo wanki. Na safiyar duk baƙaƙe ne. Wancan farantin ne na farko da bai dahu ba, kuma bai bar ɗakin ba.

Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya kira ta ofis. Ranar Asabar ta fara tattara 'yan kayanta a jaka: kofinta, hoton jikokinta, tsohon takalmin aiki. Ta riga ta sallama.

Ranar Litinin aka sake raba takardar tambayoyin. Wannan karon ba tamal, ba amshi. An yanke layi biyun nan na sama da almakashi. Kowa ya tafi da tasa gida, ya dawo ya jefa a akwati mai kwaɗo, kuma wata malama daga waje aka kira ta haɗa sakamakon.

Ana saura kwana biyu wata ya ƙare, Dakta ya tara su a teburin nan dai. Ya rame a 'yan kwanakin. Ya tsaya, ya kalli Herlinda.

"Doña Herlinda, a gaban kowa na ci miki fuska, don haka a gaban kowa zan roƙe ki gafara. An ce miki ba suna, na bi na tono ki. Na yi laifi."

Ya ajiye mata takardu biyu. Ɗaya wasiƙarta ce ta ban haƙuri, ya ce ta yaga da hannunta, shi ba shi da bakin karɓar ta. Ɗayar sabon kwantiragi ne, ba na shekara ba, na dindindin. Ya ce an yi odar faranti huɗu, kuma daga yau ido ashirin za a riƙa yi ranar Alhamis, sauran a kai su Juma'a. Ba farantin da zai fita daga ɗakin baya sai ta hannunta.

Herlinda ta riƙe takardar gam, tana tunanin yadda za ta faɗa wa Crisanto.

"Saura sakamako," in ji Dakta. "Makinmu ya faɗo daga casa'in da shida zuwa hamsin da takwas. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, kuma ban taɓa samun takardar da ta amfane ni kamar wannan ba." Ya gyara tabarau. "Tambaya ta goma sha huɗu, ko kana iya magana a saurare ka. Mutum goma sha bakwai cikin ashirin da biyu sun ce a'a."

Herlinda ta ɗago kai.

"Nawa ka ce, Dakta?"

"Goma sha bakwai."

Ta juya ta kalle su. Duk kwanakin nan ta ɗauka ita kaɗai ce, har ta fara zargin kanta ko tsufa ne ya sa ta ganin abin da babu. Hawayen da ta riƙe tun ranar da aka karanta takardarta suka zubo.

"Goma sha bakwai," ta ce a hankali. "Kuna ina ranar nan? Ko mutum ɗaya ne ya ɗaga hannu, da ban rubuta wasiƙar ƙarya da tsufana ba."

Yamile ce ta fara tashi, ta zagayo teburin, ta durƙusa kusa da kujerarta.

"Ina cikin goma sha bakwai ɗin, Doña. Ni da na ce ki rubuta wasiƙar."

Nubia ta taso, sai wani, sai wata. Herlinda ta bar su suka kewaye ta, ta goge fuskarta da bayan hannu. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta dai yaga wasiƙar gida huɗu, ta miƙa wa Yamile hannu ta tashe ta tsaye.

Darasi: Idan ka tambayi na ƙasa da kai gaskiya, to ka shirya jin ta, kuma ka kare wanda ya faɗa maka. Wurin da kowa ke cewa lafiya lau ba lallai ne lafiyar ce ba, wataƙila tsoro ne ya rufe bakuna. Kai kuma da ka san abokin aikinka gaskiya ya faɗa, kada ka bar shi ya tsaya shi kaɗai, domin shirunka yana iya jawo wa wani asarar ido ko rai. Ku tura wa shugabanninku da abokan aikinku, musamman ma'aikatan asibiti, ko Allah zai sa wani ya samu ƙarfin buɗe baki.